Zoɓo Nake Ce Masa

Lahadi, 3 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Don rubuta lissafin na'ura na sayi wannan littafin, ga shi shafin farko ma a kan Farfesa Zaglul zai ƙare.

Yau shi Zaglul, shugaban sashen namu, ya kawo baƙi uku daga Alƙahira, har da mai ɗaukar hoto. Ya tsaya gaban tukunyar ƙarfen da na shekara goma sha biyu ina ɗaure mata ƙusa, ya ware hannu ya ce, "Ga na'urar Dakta Midhat." Da ya waiga ya gan ni da safar hannu sai ya ƙara, "Wannan kuma Dakta Afaf ce, tana taimaka masa."

Tana taimaka masa! Rana ɗaya aka ɗauke mu aiki ni da Midhat, digirinmu iri ɗaya, ni ma na riga shi gamawa da wata biyar. Ya dai ce, "Tare muka gina ta, ranka ya daɗe," amma a ciki-ciki, ba wanda ya ji sai ni da famfon da ke zuƙe iskar tukunya.

Sannan ya shiga yi musu bayani. Wai haidurojin daga kwalba ma'aurata yake fitowa, biyu-biyu manne da juna, mu kuwa gwauraye muke so. "Wannan bututun gilashin da kuke gani yana haske, kotu ce, a nan ake raba aure. In sun fito ɗai-ɗai sai mu jefe su da ilaktiron, mu ƙirga nawa suka karkata dama, nawa hagu, nawa suka dawo da baya." Baƙi suka yi ta dariya har ɗaya yana share hawaye.

Barkwancina ne. Ni na faɗe shi muna cin wake da gurasa shekara bakwai da suka wuce, bai ma yi dariya sosai ba a lokacin.

Litinin, 4 ga Nuwamba, bayan azahar

Zan rubuta abin da baƙin ba su sani ba, Zaglul ma bai sani ba.

Idan bututu yana da tsabta, kotu tana aikinta, haskensa ja ne wur kamar zoɓo. Idan bangonsa ya yi datti, gwaurayen sai su mayar da aurensu kafin su fito, hasken ya koɗe ya koma fari-fari kamar madara. Duk abin da ka auna a ranar madara na ma'aurata ne, shara ce. Akwai na'urar da ke tantance wannan da lissafi, amma tun bazara aka kai ta gyara, kullum sai a ce sati mai zuwa. Saura ido.

Midhat kuwa ba ya ganin ja. Haka aka haife shi. Matarsa Nariman ce ke haɗa masa safa da riga, a ɗakin gwaji kuma ni ce. Ya roƙe ni tun shekararmu ta farko kada in gaya wa kowa, wai ɗalibai za su mayar da shi abin wasa. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Mama.

Shi ya sa kullum da safe in ya kunna, sai ya juya mini baya kamar yana neman biro, ya ce, "Uwar gida, yau me aka dafa mana?" In ce zoɓo ko in ce madara. Ya rubuta a babban littafi, ya sa harafin sunana a gefe.

Yau zoɓo ne mai kyau.

Talata, 5 ga Nuwamba, ƙarfe uku

Ruwan sama tun asuba, teku har kan titi. An ɗauke wuta minti arba'in, famfo ya tsaya, ɗakin ya ɗauki warin mai. Na san abin da hakan ke yi wa gilashi.

Laraba, 6 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu da rabi

An liƙa jaridar jami'a a allon sanarwa. Midhat ne tsaye da murmushinsa, hannu ɗaya a kan tukunya kamar ya dafa kafaɗar ɗansa. A gefen hagu, can ƙasa, akwai gwiwar hannuna da rabin safar hannu. An rubuta: Ɗan Iskandariyya da ke jifan abin da ido ba ya gani.

Na karanta sau biyu, na hau sama. Ya riga ya kunna. Ya juya baya, ya tambaya. Na duba bututu, ya koɗe, na daɗe ina dubawa.

Na amsa.

Gobe zan ce a wanke. Kwana uku ne kawai, a kwance, a jiƙa a asid, a ɗauraye, a mayar. Gobe.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, da yamma

Ya tambaya. Na amsa.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, da hantsi

Na yi kuskuren kawo jaridar gida. Mama ta sa tabarau ta yi ta nema.

"To ke kina ina, 'yar nan?"

Na nuna mata. Ta ɗauko almakashi ta yanke hoton, ta zagaye gwiwar hannun da jan biro, ta maƙale shi a jikin firij.

"Ai hannun ma ya yi kyau," in ji ta. "Amma shi wannan mai kumatun, ba shi ne wanda kike yi wa darasi a ɗakin nan ba lokacin jarrabawa? Mai cinye mana zaitun?"

Na ce shi ne. Ta ce, "Allah mai iko," ta koma tsince shinkafarta.

Ni ba hassada nake yi ba. Gaskiya nake so a faɗa, shi ke nan.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, ƙarfe biyu

Ya tambaya. Na amsa. Ya kawo mini gurasa da cuku daga shagon da nake so, ya ce ya ga kamar na rame. Na ci rabi na jefa rabi a kwando bayan ya fita.

Talata, 12 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Wani abu ya fito a zane. Layin da ya saba gangarowa sumul yau ya ɗan tashi a tsakiya, ya yi tozo. Midhat ya sake aunawa sau uku, tozon yana nan. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Afaf, zo ki gani. Ko idona ne?"

"Idonka kuma?" na ce.

Ya yi dariya har da buga tebur. Ya ɗauko littattafan masu lissafi ya baje, babu inda aka ce gwauron haidurojin zai yi tozo a wannan wurin. Ya rasa inda zai sa kansa, ya zagaya tukunya, ya sumbaci murfinta, mutum mai shekara arba'in da bakwai.

Ni na san irin wanda ke yin tozo a wurin. Duk wanda ya auna ma'aurata ya san shi. Shi ma ya sani, shi ya sa ya buɗe babban littafi ya bi shafuka da yatsa: zoɓo, zoɓo, zoɓo. Ya rufe ya ce, "To ba su ba ne. Alhamdu lillahi."

Na yi tsammanin zai gane da kansa. Wallahi na yi tsammani. Mutumin da aka sa a jarida ai ya kamata ya gane.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Kaina ke ciwo.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, bayan la'asar

Zaglul ya sauko da kansa, shi da gwiwarsa ba ta son matakala. Ya kalli zane ya ce, "Tozon Midhat! Haka za a kira shi a littattafai." Ya buga waya nan take a gabanmu. An ba Midhat jawabin buɗe taron masana a Alƙahira, ran biyar ga Disamba, minti arba'in cur.

Ni sau biyu na yi magana a taron nan a rayuwata, minti goma-goma, ana gab da cin abincin rana, rabin mutane sun riga sun bi ƙamshi.

Da Zaglul ya fita Midhat ya ce, "Sunanki na biyu a takardar binciken, kin ji? Kada ki ce komai."

Na biyu. Na ce na gode.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, ƙarfe ɗaya

Yau ko ɗigon ja da kyar ake gani. Ya tambaya. Na amsa.

Abin da ke ba ni haushi, yadda yake juya baya. Shekara goma sha biyu bai taɓa kallon fuskata ba in ina amsawa. Da zai waiga sau ɗaya da ya gani, don ni fuskata ba ta iya ɓoye komai, Mama ta sha faɗa. Amma ina, shi dai a ba shi ya rubuta. Haka ya saba, komai miƙo masa ake yi, safa a gida, launi a ofis, barkwanci ma na aro.

Talata, 19 ga Nuwamba, a taram, jirgin cikin gari, wajen magariba

Ɗalibai biyu a bayana suna hira. Ɗaya ta ce ajin Dakta Midhat za ta ɗauka, wai shi in yana bayani sai ka ji kamar kana kallon wasa. Ɗayar ta ce, "Dakta Afaf fa?" Ta ce, "Ta iya, amma sai ka ji kamar ka yi mata laifi."

Na sauka tasha biyu kafin tawa, na taka a ruwa.

Alhamis, 21 ga Nuwamba, da safe kafin ya iso

Na shirya maganar tun a hanya. Midhat, na ga kamar ya ɗan koɗe, mu wanke mu sake gwadawa. Kalma goma sha biyu ce, na ƙirga. Har yanzu da sauran lokaci, sati biyu.

Ƙarfe goma sha ɗaya

Ya shigo da sabuwar kwat a leda, Nariman ta zaɓa, wai in gani ko ta yi. Shuɗiya ce mai duhu, ta yi masa kyau, ya zama kamar minista. Ya ce mahaifinsa zai biyo jirgin ƙasa daga ƙauye ya zauna a layin gaba, tsoho mai shekara tamanin da bai taɓa sanin me ɗansa ke yi ba.

Ya rataye kwat, ya kunna, ya juya baya.

Na amsa.

Asabar, 23 ga Nuwamba, da rana

Na cire hoton daga firij. Mama ta mayar.

Litinin, 25 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na yamma

Zan rubuta yadda ya faru.

Nariman ta zo da azahar da tukunyar kabeji cushe da shinkafa, wai mijinta ya daina cin abinci. Rabonta da ɗakin gwaji tun ana fenti. Ta rungume ni tana ƙamshin turare, "Dakta Afaf, 'yar'uwata, ke ma kin zama sanda! Me wannan mutumin yake yi muku a nan?" Ta zuba mini fiye da nasa.

Muna ci tana zagayawa, tana taɓa abin da bai kamata ba. Sai ta tsaya gaban bututu.

"Kai, wannan launin! Baban Salma, irinsa nake ta nema na labulen ɗakin yarinyar nan, na zagaye kasuwa ban samu ba."

Yana tauna ya ce, "Jan labule a ɗakin yarinya? Sai ka ce gidan wasa."

"Wane ja kuma? Fari ne mai ɗan ruwan hoda, kamar madarar da zoɓo ya ɗiga a ciki."

Ya daina tauna.

"Sake faɗa, Nariman."

"Fari-fari mana. Dakta, ba haka ba ne? Gaya masa, kin san shi da launi."

Ban gaya masa ba. Na kalli kabejina. Ita kuwa ta ci gaba da zancen labule, mita nawa, wane tela, har ta kwashe kwanuka ta yi sallama, ya raka ta bakin matakala kamar kullum.

Da ya dawo ya rufe ƙofa. A karo na farko ya tsaya yana kallon fuskata.

"Tun yaushe?"

"Laraba."

"Wace Larabar?"

Ya buɗe babban littafi yana komawa baya shafi-shafi, har ya kai ranar da aka ɗauke wuta. Ya tsaya a nan. Ya ƙirga da yatsa zuwa yau, ranakun aiki goma sha huɗu, kowanne da rubutunsa da harafin sunana.

Na jira ya yi ihu. Ina so ya yi ihu, ina da amsoshi tun na shekara bakwai, barkwancin, jaridar, na biyu a takarda. Ya miƙa hannu ya kashe bututu, ya ɗauki kwat ɗinsa da ke rataye tun Alhamis, ya ce, "A kashe famfo in za a fita." Ba "ki kashe" ya ce ba. A kashe.

Talata, 26 ga Nuwamba

Bai zo ba.

Laraba, 27 ga Nuwamba, ƙarfe biyu

Sakatariya ta kira ni ofishin Zaglul. Na tafi da takardar ajiye aiki a jaka, na rubuta ta da safe. Aka ce in jira a benci, Midhat yana ciki. Ƙofar nan ba ta taɓa rufuwa da kyau ba, muryar Zaglul na fara ji.

"Ka san wa na kira? Ka san mutum nawa na gaya wa? An buga sunanka a takardar taro, Midhat!"

"Kuskurena ne, ranka ya daɗe. Bututun ya yi datti. Dakta Afaf ta ce a wanke tun farkon wata, ni na ƙi, ina sauri."

"To kai ba ka da ido? Ja da fari ma sai an gaya maka? Makaho ne kai?"

Sai na ji muryar Midhat.

"Kusan haka, ranka ya daɗe. Ba na ganin ja, tun haihuwa."

Sakatariya ta daina buga na'urarta. Na san kafin la'asar sashe duka ya ji, kafin gobe har masu shara.

Da aka shigar da ni Zaglul ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi mini ba. Ya ce da an saurare ni da ba a kai nan ba. Ya ce daga yau na'urar tana hannuna, Midhat zai taimaka mini. Ya ce ba za a bar minti arba'in ɗin su tafi a banza ba, ni zan tsaya a Alƙahira in ba da tsofaffin ma'auninmu na bara, masu kyau. Midhat yana zaune yana kallon takalmansa, safarsa ɗaya baƙa ɗaya ruwan ƙasa. Ashe bai jira Nariman ba yau.

Na buɗe baki. Allah ya sani na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "To, ranka ya daɗe."

Ƙarfe shida

Zan faɗi abin da na ji a kan bencin nan, tunda takarda ce. Ba kunya ce ta fara zuwa ba. Haushi ne. Na ce a raina, ko a nan ma sai ya fi ni? Na shekara goma sha biyu ina riƙe masa sirri, abu ɗaya tak da nake da shi wanda ba shi da shi, ya ɗauka ya jefar a gaban sakatariya don ya rufa mini asiri. Yanzu me zan yi da wannan alherin? Ina zan ajiye shi?

Hassada ce. Na rubuta, ga ta nan.

Alhamis, 28 ga Nuwamba, bayan azahar

Na kwance bututu na jiƙa. Wani ya zana danjar titi a allon ajin Midhat, ya rubuta sunayen launuka a gefe da kibiya. An ce ya karanta, ya ce an gode, ya fara darasi bai goge ba.

Na same shi a ɗakin shayi na ce, "Midhat, ina son magana."

"Sukari nawa, Dakta?"

Bai taɓa ce mini Dakta ba sai in da baƙi.

Lahadi, 1 ga Disamba

Ya wuni a kusurwa da ƙarfen narka dalma da wani ɗan akwati. Ban tambaya ba.

Alhamis, 5 ga Disamba, a jirgin dawowa, bayan la'asar

An tafa. Minti arba'in da ɗaya na yi. Na faɗi barkwancin kotu, nawa, zauren duka ya yi dariya. A layin gaba akwai kujera ɗaya da ba kowa, na yi ta ƙoƙarin kada in kalle ta.

Mai hoto ya ɗauke ni ni kaɗai, daga kai har ƙafa. Mama za ta ji daɗi.

Lahadi, 8 ga Disamba, ƙarfe goma na safe

Na zo da wuri na mayar da bututu, na tada famfo. Takardar ajiye aikin nan tana jakata har yanzu, ga wata kuma da na rubuta wa Zaglul jiya, mai shafi biyu, da kwanakin goma sha huɗu a jere. Yau zan kai masa. Na so Midhat ya fara ji daga bakina.

Ya shigo ƙarfe tara, ya yi sallama, ya ɗaura ɗan akwatinsa a gefen gilashi. Ido ne ya yi wa kansa, na lantarki, da jan gilashi a gaba da allura a baya. In ja ya yi yawa allura ta tafi dama.

Ya kunna. Ban taɓa ganin ja irin na yau ba, zoɓon da aka jiƙa tun jiya, mai kauri, har ya haska bangon ɗakin da gefen fuskarsa. Na tsaya inda na saba tsayawa. Na jira ya juya baya ya nemi biro.

Biron yana aljihunsa. Ya sunkuya kan allura, ya rubuta lamba a babban littafi, gefen ya bar shi fari.

Na ce, "Zoɓo ne, Midhat. Wallahi zoɓo ne."

Bai ɗago ba. Ya ɗan ƙwanƙwasa akwatin da farce, ya ce, "Na gani."